Daidaita Fari da Samun Launi na Gaskiya a Hoton Dijital

Lacca ga masu sana'ar ɗaukar hoto, Gurugu, Tamale

Abu uku ne suke haɗuwa su samar da launin da ake gani a jikin kowane abu: hasken da ya sauka a kansa, da yadda jikinsa ya shanye wani sashe na hasken ya mayar da saura, da kuma ido ko na'urar da ta karɓi abin da aka mayar. Ana ce wa shadda fara ne domin tana mayar da kusan dukkan hasken da ya faɗo mata ba tare da zaɓe ba. Idan hasken ja-ja ne, ja-ja za ta mayar, idan kuma shuɗi-shuɗi ne, shi za ta mayar. Rigar da mutum ya sa ya je Idi da hantsi, ya zauna da ita a inuwar darbejiya da azahar, ya shiga ɗaki da ita bayan isha'i, ta aika wa ido launi uku mabambanta a yini guda, amma ba wanda ya lura.

Abin da ya hana a lura shi ne aikin ƙwaƙwalwa. Tun ƙarni na goma sha ɗaya Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne daga hasken da yake barin abu ya shiga ido, kuma hankali yana da rabonsa wajen fassara abin da ido ya karɓa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa a cikin ido akwai ƙwayoyin gani iri uku masu rarrabe launi: wasu sun fi jin shuɗi, wasu kore, wasu kuma sashen ja da rawaya. A 1902 Bajamushe Johannes von Kries ya kawo bayanin cewa kowane iri yana rage ko ƙara kaifinsa gwargwadon hasken da ya mamaye wurin. Mutum ya shiga ɗaki mai jan haske, ba da jimawa ba idonsa ya rage jin ja, farar riga ta koma fara. Wannan gyara ba a jinsa, ba a kuma iya hana shi. Wani lokaci yana kuskure, kamar yadda aka gani a 2015, lokacin da hoton wata riga ya raba kan jama'a a intanet, wasu na rantsuwa fara ce da ruwan zinari, wasu na cewa shuɗiya ce da baƙi. Kowane ɓangare ƙwaƙwalwarsa ta yi wa hasken wurin zato daban.

Yadda kyamara take ganin launi

Sensar kyamara, wato farantin da yake karɓar haske a bayan gilashi, ba ta san launi ba. Yawan haske kawai take ƙirgawa. Don a samu launi, ana shimfiɗa mata ƙananan matatai a kan kowane ɗigo: rabi kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Wannan tsari na Bryce Bayer ne, ma'aikacin kamfanin Kodak, wanda aka yi wa rajista a 1976, kuma har yau shi ne a cikin mafi yawan kyamarori da wayoyi. Daga waɗannan ƙirge-ƙirge uku kwamfutar cikin kyamara take haɗa launin kowane ɗigo.

Daidaita fari shi ne ninka ƙirgen ja da na shuɗi da wasu lambobi har sai abin da ba shi da launi, fari ko ruwan toka, ya fito da ja da kore da shuɗi daidai wa daida. Iyakar aikin ke nan. A menun kyamara haruffan WB ne suke nuna wurinsa. Wahalar duk tana wajen sanin lambobin da za a ninka da su, domin sun dogara ne a kan hasken da ke wurin, kyamara kuwa ba ta da hanyar bambance farar riga a jan haske da jar riga a farin haske. Ko dai a gaya mata, ko ta yi kirdado.

Ma'aunin Kelbin

Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga asalin wannan ma'auni. Ƙarfe a cikin wuta yana fara yin ja mai duhu, ana zuga masa ya koma ruwan goro, sannan rawaya, idan zafi ya kai matuƙa ya yi fari. Da zai jure fiye da haka, da ya karkata zuwa shuɗi. Masana sun ɗauki wannan dangantaka ta zafi da launi suka mayar da ita ma'aunin launin haske, da lissafin zafi na William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, da ya fito da shi a 1848. Harshen kyandir yana wajajen 1,900. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana tsakanin 2,700 da 3,200. Rana tsaka da filasha suna wajajen 5,500. Ranar da hadari ya rufe sama akan samu 6,500 ko fiye. Inuwar gini a ranar da sama ta yi garau tana kai 7,000 zuwa 8,000, domin abin da ke inuwa ba rana ce take haska shi ba, shuɗin sama ne.

Akwai wuri biyu da masu koyo suke rikicewa. Na farko, ƙaramar lamba ita ce jan haske, babbar lamba ita ce shuɗi, amma idan aka ɗaga lambar a kyamara sai hoto ya ƙara ja. Dalili shi ne lambar da aka sa labari ce ake ba kyamara game da hasken wurin. An ce mata hasken 8,000 ne, wato shuɗi, sai ta ƙara ja don ta kashe shi. Idan labarin ƙarya ne, jan nan shi zai zauna a hoton.

Na biyu, tazarar lambobin ba ɗaya take da tazarar da ido yake gani ba. Idan aka raba miliyan ɗaya da lambar Kelbin, ana samun wani ma'auni da ya fi kusa da gani. A wannan lissafi, tsakanin 3,000 da 3,500 akwai kusan taki 48, tsakanin 7,000 da 7,500 kuwa taki 10 ne kawai. Kuskuren 500 a cikin ɗaki da dare ya kusa ninka irinsa na inuwar rana sau biyar. Shi ya sa hotunan waje sukan yi yafiya, na ɗaki kuwa ba sa yi.

Ma'aunin Kelbin layi ɗaya ne, daga ruwan goro zuwa shuɗi. Akwai layi na biyu da ya gitta shi, daga kore zuwa ruwan garura. Rana da wuta ba su cika kauce wa layin farko ba, amma fitilun zamani suna kaucewa, kuma duk yadda aka juya Kelbin ba zai cire kore daga fuska ba sai an taɓa layi na biyu.

Hasken Tamale

Alamomin da ke cikin kyamara, hoton rana da na gajimare da na inuwar gida, matsakaicin lissafi ne da aka yi a masana'anta. Hasken wannan yanki yana da nasa hali. Daga wajajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi. Ƙurar tana watsa haske ko'ina, tana kuma shanye wani abu daga shuɗinsa. Sama ta yi fari-fari, inuwa ta yi laushi, hasken ya karkata zuwa rawaya ko ruwan ƙasa. A irin wannan rana alamar inuwa, wadda aka yi don maganin shuɗin sama, sai ta zuba wa hoto rawaya a kan rawaya, tunda shuɗin da za ta kashe babu shi. Da damina lamarin ya juye: hadari yana ɗaga Kelbin, ganye ya yi yawa, duk wanda aka ɗauka a gindin mangwaro ko darbejiya hasken da ya tace ta cikin ganye yana shafa masa kore a goshi da kafaɗa.

Sai jar ƙasa. A unguwanni irin Gurugu da sauran sassan Sagnarigu, inda hanyoyi da filaye da yawa jar ƙasa ce tsirara, rana tana dukan ƙasa ta dawo sama da ja. Wannan haske yana shiga ƙarƙashin haɓa da hanci, yana rina gindin farar riga. Fuska ɗaya sai ta zama da haske biyu, na sama fari ko shuɗi-shuɗi, na ƙasa ja. Ba saitin da zai gyara duka biyun. Maganin yana wurin ɗauka: a shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa gaban mutum, ko a tsayar da shi a kan siminti.

Hasken cikin gida ma ya sauya a ɗan lokaci. A 2007, sa'ad da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnatin Ghana ta raba ƙwayayen fitila masu tsimin wuta miliyan shida kyauta, a shekarar da ta biyo baya kuma doka ta hana shigo da ƙwai mai zare. Daga baya fitilun LED suka mamaye kasuwa. Wannan alheri ne ga lantarki, amma ƙarin aiki ne ga mai hoto. Ƙwai mai zare, duk da jansa, yana fitar da dukkan sassan haske a jere ba giɓi, don haka gyara ɗaya ya ishe shi. Doguwar fitila da ƙwai mai tsimi suna fitar da haske ne tsibi-tsibi, da tsini a wajen kore. Farar LED kuwa asalinta shuɗiya ce aka lulluɓe ta da wani sinadari mai mayar da sashen shuɗin rawaya. Masu arha daga cikinsu jan da ke cikinsu kaɗan ne. Abin da haske bai kawo ba, jiki ba zai mayar ba: a ƙarƙashin irin wannan fitila ana iya samun farar riga ta fito fara tas, amma fuska ta yi toka-toka, jan lalle ya mutu. A kwalin fitila mai kyau akan rubuta lambar CRI mai nuna yadda fitilar take fito da launi, wadda ƙarshenta 100 ne. Ga situdiyo, wadda ta kai 90 ko ta wuce ita ta cancanci kuɗinta.

Wutar Ghana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, launinsu kuma yana ɗan sauyawa a cikin kowace ƙyaftawa. Idan saurin kyamara ya kai kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, hotuna biyu a jere za su iya fitowa ɗaya kore-kore ɗaya ja-ja, ko kuma ratsi-ratsi ya bayyana. Saurin 1/50 ko 1/100 yana kawar da wannan. Idan an koma kan janareta, a sake gwadawa.

Inda kirdadon kyamara yake faɗuwa

Saitin da kyamara take zuwa da shi, mai alamar AWB, kirdado ne. Tushensa wani zato ne da Gershon Buchsbaum ya tsara a 1980: idan aka gauraya dukkan launukan da ke cikin hoto na yau da kullum, ruwan toka za a samu. Don haka idan kyamara ta gauraya ta ga ja ya rinjaya, sai ta ɗauka hasken ne ja, ta rage shi. Kyamarorin yanzu sun ƙara dabaru a kan wannan, suna neman wuri mafi haske, suna gane fuska, suna kwatanta hoton da dubban misalai, amma har yanzu zato ne.

A ɗauki taron suna a filin unguwa. An kafa rumfar haya mai shuɗin tamfol, kujerun roba a jere, ƙasa ja, mata sun yi anko na atamfa ruwan goro. Mai hoto ya juya ga dattawan da ke cikin rumfa: hasken da ya ratso tamfol shuɗi ne, kyamara ta gyara rabi ta bar rabi, fararen riguna suka fito kamar an yi musu bula fiye da kima. Ya juya ga mata a bakin rumfa: atamfa da ƙasa sun cika hoton da ja, kyamara ta zaci laifin haske ne, ta janye ja, ruwan goron ya dushe, fatar ta yi kore-kore. Ya matso kusa da jariri a cikin farin tawul, launi ya sake canzawa. Hasken wurin bai motsa ba, abin da ke cikin hoton ne yake sauyawa, amma kundin bikin zai fito kowane shafi da kalar fatarsa. Wannan rashin tsayawa a kan abu ɗaya ya fi kuskuren kansa muni, domin kuskure ɗaya da ya bi hotuna ɗari ana gyara shi sau ɗaya, kuskure ɗari kuwa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Katin toka

Hanyar da ta fi inganci ita ce a nuna wa kyamara abin da aka tabbatar ba shi da launi, a cikin hasken da za a yi aiki. Katin toka, wanda aka saba yi ya mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske, don wannan ake riƙe shi. Ana kai katin daidai inda fuskar mutum za ta kasance, ba inda mai hoto yake tsaye ba. A fuskantar da shi ga kyamara, a ɗan karkata shi idan yana ƙyalli, a kula kada inuwar mai riƙewa ko launin rigarsa ya faɗa masa. A cika tsakiyar hoton da shi. A kyamarorin Canon akan ɗauki hoton katin sannan a zaɓe shi a menu a matsayin ma'auni, a na Nikon kuwa akan shiga saitin PRE a auna kai tsaye. Daga nan duk hoton da aka ɗauka a wannan haske launinsa ɗaya ne. Da an fita daga rumfa, ko hadari ya taso, ko rana ta yi sanyi bayan la'asar, sai a sake. Aikin bai kai minti guda ba.

Da yawa sukan ce farar takarda ko rigar ango ta wadatar. Ta fi babu, amma tana da illa biyu. Takardar ofis da farar shadda da yawancin sabulun garin wanki suna ɗauke da sinadarin da yake shan hasken da ido ba ya gani ya mayar da shi shuɗi, don abu ya ƙara fari a ido, ga kuma bula da ake sa wa fararen kaya. Kyamara ta auna wannan shuɗi, ta ƙara rawaya, hoton duka ya yi rawaya-rawaya. Illa ta biyu, fari a rana yakan cika sensa har ƙirgen ya kai maƙura, daga wurin da ya kai maƙura kuwa ba a iya auna komai.

Wanda aikinsa yake bukatar fiye da haka yana amfani da allon ColorChecker, wanda kamfanin Macbeth ya fitar a 1976. Murabba'i 24 ne a jikinsa: layin ƙasa shida ne daga fari zuwa baƙi, biyun farko a layin sama kuma launin fata ne, mai duhu da mai haske. Katin toka fari kawai yake daidaitawa. Shi wannan allo, idan aka ɗauki hotonsa aka ba manhaja, tana gyara yadda kyamarar take fassara kowane launi a wannan hasken.

RAW da JPEG

Idan kyamara ta ajiye hoto a JPEG, ta riga ta yi ninkin, ta zubar da abin da ta ga ba a bukata, ta bar mataki 256 ga kowane launi. Fayil ɗin RAW kuwa ƙirgen sensa ne ɗanye, mai mataki 4,096 ko 16,384, kuma saitin fari a cikinsa rubutu ne kawai a gefe, ana iya sauya shi a kwamfuta ba tare da hoton ya yi asarar komai ba. A manhaja irin Lightroom sai a taɓa katin toka da alamar ɗiga, a kwafe sakamakon zuwa sauran hotunan wurin. Wayoyi da dama ma suna ajiye RAW a tsarin DNG, wanda Adobe ya fitar a 2004. Farashin wannan shi ne girman fayil da lokacin gyara. Mai ɗaukar hoton fasfo da zai miƙa cikin minti goma, JPEG da katin toka sun ishe shi. Mai ɗaukar biki da dare cikin gaurayen fitilu, RAW ne mafitarsa.

RAW ma ba ya raba haske biyu da suka haɗu a hoto ɗaya. Ɗakin amarya mai taga a gefe da LED a sama, ko filasha fari a fuska da ƙwai mai rawaya a baya, dole a zaɓi ɗaya. Ko a kashe fitila a yi aiki da taga, ko a rufe taga, ko a manna wa filasha leda ta musamman ruwan goro don ya yi daidai da fitilar ɗaki. Masu harba filasha a bango ko silin su dubi fentin tukuna. Ɗakuna da yawa a nan kore ne ko shuɗi, haske kuwa yana dawowa da launin abin da ya daka.

Akwai kuma inda cikakken gyara ɓarna ne. A daren Bugum, lokacin da jama'a suka fito da tocilan ciyawa suna ci da wuta, hasken bai wuce 2,000 ba. Idan aka daidaita shi har fari ya zama fari, wutar ta mutu, hoton ya daina kama da abin da mutane suka gani. Saiti tsakanin 3,000 da 3,500 yana barin jan wuta ya kuma bar fuskoki a gane su. Haka faɗuwar rana. Hoton shaida da na kayan sayarwa gaskiyar launin abu suke nema, hoton buki kuwa wani lokaci gaskiyar hasken wurin ake so. Abin zargi shi ne a bar kyamara ta yanke wannan hukunci.

Baƙar fata

Kayan hoto masu launi ba a gina su da fatar mutanen Afirka a zuciya ba. Daga shekarun 1950 Kodak ya riƙa aika wa ɗakunan wanke hoto katin gwaji mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, da shi ake saita injuna. Binciken da Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada ta buga a 2009 ya nuna cewa koke-koken kamfanonin cakulan da na kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita, suna cikin abin da ya sa aka inganta ruwan ƙasa mai duhu a fim. Sai tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu fata daban-daban. A Ghana, James Barnor, wanda aka haifa a Akara a 1929, shi ya dawo daga Ingila wajajen 1970 ya kafa ɗakin wanke hoto mai launi na farko a ƙasar tare da kamfanin Agfa-Gevaert. A zamanin waya, kamfanin Transsion mai Tecno da itel da Infinix ya samu kasuwar Afirka da saita kyamararsa ga baƙar fata, Google kuma ya fito da tsarin Real Tone a 2021, sannan a 2022 ya karɓi ma'aunin fata mai mataki goma na Ellis Monk, malami a jami'ar Harvard.

Abin da ya shafi aikin yau da kullum shi ne wannan. Haske iri biyu yake barin fuska. Akwai wanda ya shiga fata ya fito ɗauke da launinta, akwai kuma ƙyallin da ya tashi daga samanta ɗauke da launin fitila ko na sama. A fata mai duhu na farkon kaɗan ne, don haka ƙyallin ya fi rinjaye. Shi ya sa shuɗin sama ko koren doguwar fitila yake fita ɓaro-ɓaro a goshi da kumatun baƙin mutum fiye da na fari, balle an shafa man kaɗe ko gumi ya karyo. Ƙaramin kuskuren da zai ɓuya a wata fuskar, a nan ba ya ɓuya. Haske mai faɗi da taushi, kamar na bakin ƙofa ko na lema, shi ya fi fito da ainihin launin, ko baƙi ne ko wankan tarwaɗa.

Babbar riga fara da baƙar fuska kuma suna ruɗa ma'aunin haske: kyamara ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuska ta nutse. Idan aka zo ɗago ta a kwamfuta sai launinta ya ɓaci. A auna haske a kan katin toka, a cika inuwar fuska da ɗan filasha ko farin allo. Game da masu cewa a ƙara musu haske har su sauya kama, wannan ciniki ne tsakanin mai hoto da mai kuɗinsa, amma ba shi da wuri a hoton fasfo ko na takardar makaranta, kuma bai kamata a kira shi gyaran launi ba.

Tufafi

Masu sayar da batakari ta WhatsApp sun san rigimar launi fiye da kowa. Saƙin garin Daboya da aka rina da baba yakan fito a hoto ko dai baƙi ƙirin, ko shunayya, ko shuɗi mai haske da ba nasa ba. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne baba yana mayar da wani ja na can ƙarshen abin da ido yake iya gani, wanda wasu sensoci suka fi ido jinsa. Wani dalilin kuma waya tana ƙara wa launi kaifi da kanta. Mai saye a Kumasi ko Landan ya karɓi kaya ya ce ba wannan ya zaɓa ba. A shimfiɗa rigar a inuwa mai haske nesa da jar ƙasa da bango mai fenti, a ajiye katin toka a gefenta, a kashe duk wani saitin ƙawata hoto, a kuma riƙa ɗaukar dukkan kaya a wuri ɗaya da lokaci ɗaya na yini.

Allo da takarda

Duk wannan ƙoƙari yana iya rushewa a kan allon kwamfuta. Idan allon shuɗi-shuɗi ne, mai gyara zai ƙara rawaya yana zaton gyara yake yi. Ma'aunin da aka yarda da shi ga allo shi ne fari na 6,500, da haske matsakaici, kuma akwai ƙaramar na'ura da ake ɗora wa allo ta saita shi. Wanda ba shi da ita ya dogara da lambobi fiye da ido: idan aka ɗora alama a kan katin toka, ja da kore da shuɗi su nuna lamba ɗaya ko kusa, misali 118 kowanne. A kashe saitin dare na waya da kwamfuta, wanda yake mayar da allo rawaya, kada kuma a yi gyara a ƙarƙashin fitila mai launi.

Wajen fitar da hoto, tsarin sRGB, wanda HP da Microsoft suka tsara a 1996, shi ne wanda wayoyi da intanet da yawancin injunan wanke hoto suke tsammani. Adobe RGB na 1998 ya fi shi faɗi wajen kore, amma idan aka buɗe shi a manhajar da ba ta gane shi ba, launukan sai su fito a dushe. Hoton da za a aika wa mai wanki ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin idan aka tura shi a matsayin hoto ana matse shi. Injunan wanki da yawa suna yin nasu gyaran na kirdado, irin na AWB, don haka wanda ya riga ya daidaita hotunansa ya nemi a kashe wannan, ya fara wanke guda ɗaya mai katin toka a ciki don gwaji. Masana'antar ɗab'i tana duba takarda a hasken 5,000. Inda babu irin wannan fitila, a fito da hoton bakin ƙofa da hantsi a duba shi, domin tawada biyu da suka yi kama a ƙarƙashin LED na shago suna iya bambanta a hasken rana.